Ƙafa Ɗaya da Rabi

Mayo Gwoi, Jalingo
9 ga Afrilu

Zuwa ga Kaka Manasseh,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Victoria da yara, da kuma ƙugun nan naka da ba ya shiri da sanyin Jos. Mu nan lafiya lau, sai zafi, wanda na san da kana nan da cewa za ka yi shi ne daidai.

Na kira ka a waya sau uku. Duk abin da na faɗa sai ka ce "iye?", har maƙwabta suka gama jin labarin kai ba ka ji ba. Shi ya sa na ba Tobiya direba wannan takarda, ya ce zai kai ta har ƙofar gida.

Kaka, ka yi haƙuri, iska ta yi mana ɓarna. Ran Talata da yamma hadarin farko ya taso ta wajen Kona, ina coci wajen koyon waƙa. Kafin in dawo ta yaye rufin falo duka. Silin ya zubo. Kwano biyu sai a gidan Mama Kande muka tsince su, a kan akurkin kajinta, tana tsaye tana yi musu faɗa kamar su suka kawo kansu. Ba wanda ya ji ciwo, kuma ɗakunan kwana suna nan kalau.

Na kira Lawali kafinta. Yana shiga ya ce ai babansa ne ya buga rufin nan. Ya duba katakon da ya sauko, ya ce rafta huɗu na maɗaci ba abin da ya same su, sauran sai dai itacen girki. Shawararsa a yi rufi mai gangare biyu kawai, gaba da baya, a huta kafin ruwa ya zauna. Na ce masa ni mai gadi ce. Shekara biyu ke nan da Anti ta ba ni makulli, don kawai kakata da marigayiya Kaka Mabel 'ya'yan wa da ƙane ne, kuma makarantar da nake koyarwa tana kusa. Ba zan sake wa gida kama ba sai na ji daga bakin mai shi.

Mun ja tamfol a kai. Ka faɗi yadda kake so.

Jikarka,
Jemima


Jos
14 ga Afrilu

Jemima amaryata,

Na gode wa Allah da ya tsare ki. Ni ma ina nan, ana dafa mini abinci ba gishiri ana cewa ƙauna ce. Ƙugu da sauƙi. Kunne kuma ba laifinsa ba ne, ku ne 'yan zamani kuke magana a cikin hanci.

Ki gaya wa Lawali gangare biyu rufin shagon caji ne. Gidana gangare uku ne a kan falo, gaba da baya da gefe, kuma haka zai koma.

Bari in ba ki labari, tunda ba a haife ki ba. Mun yi rufin nan shekarar da aka haifi Victoria, tun Jalingo tana ƙarƙashin Gongola. Bayan gidanmu gonar dawa ce har bakin rafi. Da safe sai muryar masu nono, "kosam, kosam", sai matan da ke sauka ɗibar yashi. Ina sabon malamin lissafi, kaina yana hayaƙi. Na zo wa Malam Faruk, baban Lawali, da takarda cike da x da y. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce, "Malam Manasseh, ni fa da zare nake aiki. Wannan ka kai wa 'yan ajinka." Muka sa zakara, kowa ya nemi inda kan rufin zai tsaya ta hanyarsa. Ya hau bango da zarensa, ni ina ƙasa da fensir. Muka faɗa wuri ɗaya, ko inci bai raba mu ba. Tunda ba wanda ya ci, Mabel ta yanke hukunci cewa zakaran nata ne. Ta dafa shi da doyar Zing, muka ci a falon da ba rufi, Faruk yana ta cewa ashe boko ma yana da ido. Yau ba Faruk, ba Mabel. Ina kewarsu har ina jin abin a ƙirjina.

To, ɗauki biro. Ki shiga falo ki tsaya a kusurwar hannun hagu, inda bango biyu suka haɗu da jan daɓen da Mabel ke gogewa da man gyaɗa duk Asabar. Nan ne sifiri. Layin da ya bi gindin bangon gaba shi ne x. Wanda ya bi gindin bangon gefe ya nufi baya, y. Wanda ya miƙe sama ta cikin kusurwar, z. Duk awo da ƙafa ne, ban san mita ba a lokacin.

Kin san ikweshan mai harafi biyu layi yake bayarwa a kan allo. Mai harafi uku kuwa shimfiɗa yake bayarwa, abu mai faɗi sumul kamar fallen kwano, a tsaye cikin sarari. Rufin falona shimfiɗa uku ne:

Gaba: 2z − y = 20
Baya: y + 2z = 40
Gefe: 2z − x = 20

Kada ki ce ina x a na farko. Yana nan, sifiri ne a gabansa. Ma'anarsa duk inda kika bi tsawon gidan, gangaren bai sake ba. Gaba da baya suna haɗuwa a layi, shi ne doron rufi. Na gefe ya zo ya yanke layin a ɗigo ɗaya tak. Ki zana su tukuna, sannan ki warware. Inda ɗigon ya faɗa ki kafa gora mai wannan tsayi, a ja zare daga kanta zuwa bango, tsofaffin rafta za su zauna da kansu.

Yanzu ga ainihin maganar. Shekara shida ke nan Victoria ta ɗauko ni wai sai ƙugu ya warke. Ƙugu ya warke, sai aka koma kan kai. Wai na bar buta a wuta, wai na kira ta da sunan uwarta. Da na ce zan koma gida bana, sai ta ce tsohon da ke mantuwa ba ya zama nesa da 'yarsa. Da takardarki ta zo na ce mata, ga gwaji ya kawo kansa. Zan rubuta awon rufin da na yi shekara arba'in da suka wuce, daga kaina, ba littafi. In ya zauna daidai, ta mayar da ni Jalingo. In bai zauna ba, ba za ta ƙara jin sunan Mayo Gwoi a bakina ba. Ta yarda a gaban mijinta.

Don haka ki auna da kyau, amarya. Komawata gida tana hannunki.

Kakanki,
Manasseh


Mayo Gwoi, Jalingo
22 ga Afrilu

Kaka,

Ina gaisuwa, ina kuma fata an ƙara maka gishiri ko kaɗan. Mu nan lafiya. An yi yayyafi sau biyu, tamfol ya riƙe, amma Lawali ya ce ba zai riƙe ruwan Mayu ba.

Na ji daɗin labarin zakara. Na karanta wa Lawali, ya yi dariya har ya share ido, ya ce babansa ya sha ba su labarin, sai dai a nasa shi ne ya ci.

Ban tsaya zane ba saboda sauri, na warware kai tsaye. Na haɗa na gaba da na baya, y ya tafi, z ya fito 15. Daga nan y goma, x goma. Lissafin kam ya fita tas, har na yi tafi ni kaɗai. Ran Asabar muka auna ƙafa goma daga wannan bango, goma daga wancan, muka sa alama. Lawali ya kawo gora daga Nukkai, muka yanke ta ƙafa goma sha biyar cif, aka kafa.

Kaka, bai zauna ba.

An ɗaga tsohon rafta daga kan bangon gaba zuwa kan gorar, ya gaza da kusan inci tara. Muka gwada na baya, haka. Na gefe, haka. Na sake aunawa sau uku, na ari tef na biyu ko namu ne ya miƙe. Lawali yana kan bango ya ce, "Malama, ni dai gorar nan ta yi tsawo." Na ce lissafi ba ya ƙarya. Ya kawar da kai, ya ce shi bai ce yana yi ba.

Na rasa yadda zan rubuta wannan. Ko akwai lamba ɗaya da ta kuɓuce maka? Shekara arba'in ba kwana arba'in ba ne, ni ko lambar wayata sai na duba. Daɓen falon ma ba ja ba ne, Kaka, ruwan toka ne, siminti zalla. Wataƙila ka haɗa shi da na wani gidan da kuka taɓa zama. Ka sake tunawa a hankali, ba gaggawa. Na roƙi Lawali ya ba mu mako guda.

Taka,
Jemima


Jos
27 ga Afrilu

Jemima,

Sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Muna lafiya. Na sa wannan a ambulan dabam, Tobiya zai ba ki hannu da hannu.

Na ga wasiƙarki, a kan tebur Baba ya bar ta. Kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Ba laifinki ba ne, gaskiya kika faɗa. Ni da nake aikin jinya shekara goma sha takwas na san yadda abin nan yake farawa. Yau buta, gobe suna, jibi mutum ya fita bai san hanyar gida ba. In hakan ta faru a Jalingo kina makaranta, wa zan kama?

Ki ce wa Lawali ya buga rufin yadda ya ga dama, ruwa ba zai jira mu ba. Don Allah kada ki ƙara aiko masa da lissafi. Maganar daɓe kuma ki bar ta, kada ki sake tayar da ita ko a waya. Yana tayar masa da hankali ne kawai.

Ubana ne, ina sonsa. Gara ya yi fushi da ni yana gabana.

Antinki,
Victoria


Jos
27 ga Afrilu

Malama Jemima,

Na sami takardarki. Ina lafiya.

Na gode da kika tuna mini cewa shekara arba'in ba kwana arba'in ba ne. Shekara talatin da biyar ina koyar da lissafi, ban taɓa lura ba.

Na zauna na sake bi. Faɗin falo ƙafa ashirin. Gangare ɗaya cikin biyu. Na rufe ido na ga Faruk a kan bango da fensir a bayan kunne. Duk ta inda na bi, sha biyar nake fitowa. Lambar ba ta dame ni kamar daɓen ba. Ina ganin Mabel a durƙushe da tsumma, ina jin ƙanshin man, ina ganin Victoria tana rarrafe gwiwoyinta sun yi ja. Kin ce ruwan toka ne. Ke kike taka shi kullum, ni kuwa rabona da shi shekara shida. In har wannan ma kaina ne ya ƙirƙira, to ban san me ya rage da zan riƙe ba. Tsoro nake ji, Jemima. Ban gaya wa kowa ba sai ke.

Mu ba mu taɓa zama a wani gida ba. Daga ɗakin malamai na makaranta sai wannan.

Alkawari na yi, kuma zan cika. Na gaya wa Victoria ita ce ta yi nasara. Lawali ya yi gangare biyunsa. In kin tashi aure ki zauna a gidan da mijinki, ya fi a bar wa ƙadangaru. Akwai baƙin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon ɗakin baya, littattafan darasina ne tun na farko. Ki ɗauka, ko za ki sami abin amfani. Ki dai riƙa duba lambobin, tunda mai su ba abin yarda ba ne.

Ba sai kin wahalar da kanki da amsa ba.

Manasseh


Mayo Gwoi, Jalingo
8 ga Mayu

Kakana,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina kuma neman gafara. Ka ce kada in amsa, amma ko za ka yaga ta sai ka karanta tukuna. Lafiyata ƙalau. Motar Tobiya ta lalace a hanya, wasiƙarka ta yi kwana shida a aljihunsa, ni kuma ina nan ina cewa shirun naka fushi ne. Da ta iso na ga "Malama Jemima" a sama, sai na gwammace shirun. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gadon ɗakin baya. Ba akwati. Sai na ce shi ke nan, Anti ta yi gaskiya. Na ce wa Lawali ya zo ran Laraba ya buga abin da zai buga.

Ran Litinin da rana ina shirya darasin 'yan aji biyar na sakandare, kan yadda ake zana shimfiɗa. Na ce bari in yi misali da naka, ko banza su san akwai wanda ya taɓa yin rufi da abin da suke cewa ba shi da amfani. Ka san yadda ake yi, a nemi inda shimfiɗar ta yanki kowane layi. Na ɗauki na gaba, 2z − y = 20. Na sa z sifiri, y ya ba ni ashirin ƙasa da sifiri, wato in aka ja kwanon gaba har ƙasa zai sauka ƙafa ashirin a gaban gida, wajen gindin mangwaro. Na yi murmushi. Sai na sa y sifiri, z ya ba ni goma. Na gefe ma goma. Wato rufin ya taɓa kusurwa a ƙafa goma, kan bango ke nan.

Na ɗaga kai na dubi bangon. Kaka, ni gajeriya ce, amma na san ƙafa goma. Na ɗauki tef na hau tebur. Takwas da rabi.

Na sauko daga tebur. Shekara biyu ina mamakin wane irin magini ne ya sa tagogi a daidai cinyata, ina cewa haka mutanen da suke yi. Na tafi shagon Lawali a Abbare ko ɗankwali ban gyara ba. Na ce, "Malam Lawali, bango ba ya raguwa. Ina ƙafa ɗaya da rabi ta tafi?" Ya ajiye zarto, ya kori masu jiran aiki, ya ce, "Malama, an sa ni na yi alkawari." Na ce alkawarin nan zai kashe tsoho a Jos. Sai ya ce, "Wallahi tun ranar gora abin yake cina. Je ki tambayi Hajiya Victoria, in ta yarda zan faɗa."

Na kira Anti a gabansa. Na ce mata bangon takwas da rabi ne, lissafinka kuma na bango mai goma ne. Sai ta ce ita launin daɓe kawai ta san ta ɓoye, ba ta taɓa kawo wa ranta cewa zai taɓa awon rufi ba. Ta ce in rubuta maka, ita bakinta ba zai iya ba.

To ga shi, Kaka, ka zauna. Shekara huɗu da suka wuce, da damina, rafi ya cika ya shigo unguwa. Gidan yana kulle ba kowa. Ruwa ya kai gwiwa, ya kwana biyu a ciki. A lokacin kana asibiti da hawan jini, likita ya ce kada a gaya maka abin tashin hankali. Anti ta zo ita kaɗai. Akwatinka ya cika da laka, littattafan sun zama kunu, ba ta iya ceton ko ɗaya ba. Keken ɗinkin Kaka Mabel ya yi tsatsa, kujeru sun ruɓe. Don kada a sake, ta sa birkila ya jera bulo biyu masu inci tara, aka cika da ƙasa, aka zuba sabon siminti a gidan duka. Ta bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ta roƙe su kada maganar ta kai Jos. Mama Kande ta ce mini, "Yarinya nan ya zauna a ƙofa ya yi kuka, mu duka mun yi kuka. Wa zai faɗa wa Malam?"

Bulo biyu, inci goma sha takwas. Jan daɓen yana nan a ƙarƙashin ƙafata, Lawali ya ce da idonsa ya ga an rufe shi. Sifirinka yana inda ka bar shi. Ni ce na tsaya a kan wani wuri dabam na fara ƙirga.

Jiya muka rage ƙafa ɗaya da rabi a jikin gorar, aka sake kafawa. Lawali ya ɗaga rafta na gaba, ya zauna. Na baya ya zauna. Na gefe ya zo ya sa kai a tsakaninsu, har tsohon ramin ƙusa ya hau kan ɗan'uwansa. Lawali ya yi kabbara a kan bango, ni na yi guɗa a ƙasa, Mama Kande ta fito da muciya a hannu tana tambaya ko wuta ce.

Da na zana tun farko kamar yadda ka ce, da ban rubuta maka waccan maganar ba. Na mayar maka da kanka, amma na kawo maka labarin da ban so in zama mai kawowa ba. Kada ka yi wa Anti faɗa sosai.

Jikarka mai kunya,
Jemima


Jos
13 ga Mayu

Amaryata,

Na gaishe ki. Ina lafiya, na ci tuwo malmala biyu jiya har mijin Victoria ya tambaya ko baƙo aka yi.

Na karanta takardarki sau huɗu. Zan gaya miki abin kunya. Da na kai wurin da ruwa ya shiga gidana, dariya na yi. Na buga tebur na ce, "Ja ne! Na ce ja ne!" Ban taɓa zaton zan yi murna da jin rafi ya ci kayana ba. Sai a karatu na biyu na ga akwatin da keken, sannan hawaye suka zo. Darasin shekara talatin da biyar. A bayan littafi na farko Mabel ta rubuta mini sunayen da za mu sa wa yara, guda biyar, Allah ya ba mu ɗaya. Wannan shafin ya fi sauran duka yi mini ciwo.

Victoria ta shigo ta durƙusa a gabana, mace mai 'ya'ya uku. Na yi niyyar faɗa, na ma shirya kalmomin tun safe. Sai na tuna ita kaɗai ta tsaya cikin lakar nan tana tsintar takardun ubanta, ta dawo asibiti ta yi mini murmushi ta ce gida lafiya. Na ce mata ɓoye ruwan na yafe. Barin da ta yi ina zargin kaina kwana goma sha shida, shi ne sai ta ba ni lokaci. Ta ce ta ji.

Ga sabon lissafi, ki kai wa 'yan ajinki, daga daɓen da kike takawa:

2z − y = 17
y + 2z = 37
2z − x = 17

Goma, goma, sha uku da rabi. Rufin bai motsa ba ko kaɗan, wurin tsayawar mai awo ne ya hau. Ki sa su zana kafin su warware, ki kuma gaya musu abin da ya sami malamarsu.

Yanzu in faɗa miki gaskiya, tunda na ci gwaji ba wanda zai ce tsoro ne. Butar nan na bar ta a wuta. Na kuma kira Victoria da sunan uwarta, ba sau ɗaya ba. 'Yata ba ƙarya take yi ba, abin yana tafe, ina jin takunsa. Shi ya sa nake gaggawa. Ina so in zauna a gidan nan tun ina gane shi, in sha zafin Jalingo, in yi musu da Lawali, in je kabarin Mabel da ƙafata ba tare da an nuna mini hanya ba. Ranar da na tambaye ki gidan wane ne wannan, ki kira Victoria ta zo ta ɗauke ni. Na sa hannu a kan haka, ita ma ta sa. Ke ma sai kin yarda, don nauyin a kanki zai sauka. In ba za ki iya ba ki faɗa, ba zan ƙara kiran ki Malama ba.

In kin yarda, ran Asabar ta sama za mu taso, ita da kanta za ta kawo ni.

Saura abu ɗaya, na san Lawali zai kawo shi. Ƙofar falo ƙafa bakwai muka yi ta. Ke ba ki lura ba don Allah bai ba ki tsawo ba, amma yanzu biyar da rabi ce, ni kuwa shida ne ba inci ɗaya. Zai ce a fasa a ɗaga ta kafin in iso. Ki ce masa ya bar ta. Ruwa yana hanya, kwano ya fi gaggawa, kuma na gaji da jira. Zan sunkuya in shiga.

Kakanki,
Manasseh